Godiyata ga waɗanda suka riƙe mini amanar jinin yaran Adar

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, Allah Ya nufa an gama. Tun ranar Asabar da aka tashi daga sutanas, wato zaman kare kundin digirina kan masassarar cizon sauro, nake son rubuta wannan saƙo, jiki ya ƙi ba ni haɗin kai. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, na farka na tarar da waya cike da saƙonni, wasu ma daga mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Ku yi mini afuwa, ku karɓi wannan a madadin amsar kowa.

Ba sai na maimaita muku labari ba, tare muka yi shi: kayan aikin da suka yi ta jinkiri a hanya, jinyar Inna, haihuwar da ta zo ana tsakiyar aiki. Duk sun wuce. Dare ɗaya ne har yanzu in na tuna shi gabana ke faɗuwa, daren da firizar labo, wato ɗakin bincikenmu, ta tsaya, kuma mutanen da suka tsaya mini a daren nan babu su a jawabin da aka yi a zaure, babu su a hotunan da kuke ta turawa.

Abin da ke cikin firizar nan jinin yara ne. A gidajen likita na jihar Tahoua aka ɗebe shi, ƙarshen damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika ɗakuna har sai an shimfiɗa tabarmi a baranda. Kowace ƴar kwalba akwai uwar da aka zauna da ita aka yi mata bayani, ta dangwala yatsa a takarda, ta riƙe ɗanta jiki zafi rau aka ɗebi jinin. Yaron nan take ake ba shi maganinsa, ba bincikena yake jira ba. Ita ma ta san haka, ta kuma yarda, don yaran wasu da ba za ta taɓa sani ba. Daga nan jinin ya biyo hanya sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, cikin akwatin sanyi, har Yamai.

Ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama. Can take ci, ta hayayyafa, ta fasa ƙwayar ta faɗa wasu, zagaye ɗaya cikin awa 48. Abin da nake nema shi ne ko maganin da muke dogaro da shi yau, mai sinadarin artemisinin, yana kashe ta yadda ya kamata a ƙasarmu. Iyayenmu sun san zamanin nibakin, lokacin da ƴan ƙwayoyi kaɗan ke tayar da mai masassara. Cutar ta koyi jure masa, juriyar ta shigo gabashin Afirka a 1978, ta bi nahiyar har maganin ya daina amfani, yara da yawa suka tafi kafin a canza. Yanzu kuma an fara jin irin wannan labari game da artemisinin. Daga yammacin Kambodiya aka fara ba da rahoto a 2008 da 2009. A 2014 aka gano cewa sauyi a wata ƙwayar gado ta cutar mai suna kelch13 ne alamar abin. A 2020 aka tabbatar da irin wannan sauyi a Ruwanda, daga baya Uganda da Eritiriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 cutar ta kashe a 2023, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka ɗauki fiye da rabin mamatan. Wanda ya tashi a Adar ba ya bukatar a karanta masa rahoto, ya san gidajen da aka yi zaman makokin yaro a watannin kaka.

In dai ƙwayoyin gado kawai ake son karantawa, ɗigon jini busasshe a kan takarda ya wadatar, ba ya bukatar firiza. Amma in kana son ka ga da idonka ko magani na kashe cutar, dole ta kasance da rai. Shi ya sa muke haɗa jinin da giliserol, wani sinadari mai kare ƙwayoyin daga ɓarnar ƙanƙara, mu daskarar da shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Matuƙar sanyin bai motsa ba, tana nan kwance har ranar da za a tashe ta. In ya fara sauka sannu a hankali, ƙanƙarar da ke ciki ta sake tsari ta yayyaga ƙwayoyin, shi ke nan. Ƙanƙarar kasuwa ba ta yin komai a nan, firizar gida ma ba ta wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Kuma ba a komawa a sake ɗiba sai wata damina, ita ma ba waɗannan yaran ba.

Watan Afrilu ne, zafin Yamai da kuka sani, wanda ko tsakar dare bango bai huce ba. Wajen ƙarfe ɗaya waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Na ɗauka ina tsammanin daga gida ne, saboda Inna na kwance a lokacin. Sai na ji muryar Baba Gardi, mai gadin labo. Ya roƙe ni kada in ambace shi, amma Baba ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. Cewa ya yi: "Ɗiyata, injinki na kuka, kuma ba irin kukan da ya saba ba ne. Ban buɗe ba." An ɗauke wuta, gurup, wato injin wuta, ya tashi, komai ya dawo, firizar ce kawai ta ƙi kamawa. Wayarsa ba kiredi. Dattijon nan da ke fama da gwiwa ya taka har bakin titi wurin mai shayi, ya ari waya, ya karanto lambata daga ƴar takardar da ya ninke cikin hularsa. Tun farkon zuwana na taɓa gaya masa, a tsaitsaye, cewa in abin nan ya yi ƙara kada a buɗe ƙofarsa, a kira ni. Ya riƙe maganar.

Abban yara ya ɗauke ni a babur, muka bar jaririya wurin maƙwabciya. Da na shiga ɗakin, lambar da ke jikin firizar ta sauka daga 80 zuwa 63. Ina tsaye ta koma 62. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa. Digirin da nake nema bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Wata mata nake gani daga wani ƙauye kusa da Illela, wadda bayan an ɗebi jinin ɗiyarta ta riƙe mini hannu ta ce, "Likita, Allah Ya sa a dace." Da wane ido zan kalle ta?

Baba ne ya ce, "Tashi ɗiyata, kuka ba ya sanyaya shi. Wa kika sani mai irin wannan injin?" Na kira Tanti. Duk wanda ya yi aikin labo a garin nan ya san wadda nake nufi. Ba ma'aikatarmu ɗaya ba, ba ta da ko sisi a aikina, tana kuma dab da ritaya. Ba ta tambaye ni takarda ba, ba ta ce a bari sai safe ba. Ta ce, "Kawo su, ga ni nan fitowa." Mai shayi ya taso ƙanensa mai taksi daga barci. Muka buɗe firizar sau ɗaya tak, muka kwashe akwatunan cikin gaggawa muka jera a akwatin sanyi, muka danne da ledojin sanyin da suka daskare a ciki, Baba ya cire bargonsa ya lulluɓe. Muka hau Gadar Kennedy ba kowa a kanta, ina rungume da akwatin a cinya, ba abin da bakina ke iya faɗi sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Mun tarar da Tanti a bakin ƙofa da zanen barcinta da hijabi, ta riga ta matsa kayanta ta buɗa mana wuri. Mai taksi ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce shi ma ya binne ɗa saboda masassara.

Ko da aka sa su a sanyi, ba wanda ya san ko sun tsira. Sai an tayar da kwalba ɗaya an gani. Ana narkar da ita da sauri, a riƙa ɗiga ruwan gishiri ɗigo-ɗigo, mai kauri tukuna sannan mai sauƙi, don giliserol ya fita ba tare da ƙwayoyin sun fashe ba. Sai a zuba sabon jini da ruwan abincinsu, a sa a ɗumin digiri 37, a jira. Kullum in shafa jini a gilashi, in rina da launin Giemsa, in duƙufa a kan madubin likita har idona ya yi ja, ba komai sai jajayen ƙwayoyi wayam. Ranar da na gan ta, ƴar da'ira ce shuɗiya siririya da ɗigo ja a gefe, kamar zoben azurfa mai ƴar tsakuwa. Na matsa gilashin, ga wata, ga wata kuma biyu cikin ƙwaya ɗaya. Ban taɓa zaton zan yi sujadar godiya don na ga cutar da ta kashe mini ƙane ba, amma na yi, a kan simintin labo, da farar rigar aiki a jikina.

Tanti, bayan wannan ma ba ki bar ni ba. Da tukunyar iskar gas ta ƙare aka rasa ta canji, ke kika fito da tsohon tulun gilashi daga kabad, kika aika aka sayo kyandir a bitiki. Aka jera faranta a ciki, aka kunna kyandir, aka rufe, ya ci iskar har ya mutu da kansa, ya bar irin iskar da cutar ke so. Kika ce mini da haka Trager da Jensen suka yi aiki a Amurka, su da suka fara rainon wannan cuta a labo ba yankewa a 1976, don haka kada in raina. Da tulun nan aka yi rabin gwaje-gwajen da alƙalan kundi suka yaba. Allah Ya ba ki ritaya mai albarka, Ya sa ƴaƴanki su yi miki fiye da abin da kika yi mini.

Ina godiya ga ɗalibai da abokan aiki masu jinin rukunin O da suka riƙa miƙa hannu ana ɗiba don a ciyar da cutar, ba a biya su komai ba sai lemo da biskit. Ina godiya ga ƙanwata a aiki, Auta, wadda ta karɓe ni ranar Sallar Layya ta je ta canza ruwan abinci, don cutar ba ta san hutu ba. Ita ce kuma ta kwana da ni ranakun gwaji, lokacin da ake tsince ƙananan ƙwayoyin cutar da ba su wuce awa 3 ba, a sa musu magani na awa 6, a wanke, a jira cikar awa 72, sannan mu biyu kowa ya ƙirga dubban ƙwayoyi shi kaɗai a gwada lissafi. Majo-majo, wato shugabannin gidajen likita na Adar, da ma'aikatansu, da direbobin da suka riƙa ɗora akwatina a gaba kusa da su maimakon cikin kaya, Allah Ya saka muku. Malamina Farfesa, na gode da haƙuri da gyaran jan biro. Masu tambayar abin da aka gano, ku ƙara haƙuri har masana su tantance a buga, ba zan riga su magana ba. Abin da zan roƙa kawai, in an ba yaro maganin kwana uku a cika masa ukun, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu.

Abban yara, ka yi goyo, ka yi girki, ka sha maganganu a majalisa ba ka taɓa kawo mini su gida ba, a bakin wasu na ji. Inna, daga gadon jinya kike cewa in tashi in koma wurin aikina. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya jiƙan mahaifina da ya kai ni lakkol da hannunsa ana yi masa dariya.

Na so a ce da na waiga a zauren na ga wasu fuskoki daga cikin dangi. An aika, an kira, wasu a nan Yamai suke, kuɗin taksi ne tsakaninmu. Kujerun da aka keɓe musu maƙwabta ne suka zauna a kai, da Baba Gardi cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Wataƙila akwai uzuri. Na dai ji abin a raina, domin zumunta a ƙafa take, kuma waɗanda suka fi tambayata yaushe karatun nan zai ƙare su ne ban gani ba ranar da ya ƙare.

Ya Allah, yaran da aka ɗebi jininsu Ka raya su, Ka yi musu albarka. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinsu Ka sa su zama masu ceton iyayensu. Ka saka wa uwayen nan da abin da ba su zata ba. Ka ba Baba Gardi lafiyar gwiwa, Ka kai shi Makka, Ka sa ya gama da duniya lafiya. Mai shayi da ƙanensa, Ka buɗa musu ƙofofin arziki, Ka jiƙan ɗan da suka rasa. Ka kare mana maganin da ke hannunmu, kada Ka jarrabe mu da ranar da za a ba yaro magani ya ƙi ji. Ka sa wannan ilimi ya amfani talakan da ya ba da jininsa aka same shi. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

In Allah Ya kai mu Juma'a, bayan La'asar za a yi sauka da addu'a a gidanmu na Bukoki. Mako mai zuwa kuma zan tafi Tahoua in zaga gidajen likitan nan in yi godiya baki da baki. Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba, dangi ko aboki, ƙofa a buɗe take.