Yadda ankon biki ya kusa raba ni da fatata

Jiya ina gyara durowar madubi na ci karo da wata 'yar farar roba, ba suna ba lamba ba komai a jikinta, sai guntun mai da ya rage a ƙasa ya koma ruwan ƙasa yana wani irin wari. Na daɗe riƙe da ita wallahi ina kallo. Robar nan ita ce ta kusa raba ni da fuskata shekara 3 da suka wuce, kuma ban taɓa ba da labarin a fili ba sai 'yan gidanmu da suka gani da idonsu, to yau dai na ce bari na zauna na rubuta ko na huta.

Ni baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, ba kalar cakulet ba kamar yadda ake lallaɓa mu yanzu, baƙa sosai irin ta dangin Baba. Umma fara ce, yayyena mata biyu duk ita suka biyo, ni kaɗai na kwaso can ɓangaren, kuma tun ina 'yar mitsitsiya nake jin baƙi in sun zo gida suna cewa "ke kuma a ina aka samo ki?" ana dariya ni ma ina taya su. Ga kirarin da kowa ya haddace, farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida, wani saurayin ma ya ce shi fara ko mayya ce a kawo masa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce min ke mummuna ce, a'a, amma abin yana shiga a hankali kamar sanyin ƙasa.

Sai ga bikin aminiyata ya taso. Mu 12 ne ƙawayen amarya, aka buɗe guruf a WhatsApp aka fitar da anko, leshi ruwan hoda mai haske na dina da atamfa ta kamu, sai wata a ciki ta turo murya tana cewa ai wannan kalar sai farare, baƙaƙenmu sai su dage kafin lokaci. Wasa take yi na sani. Amma daren ranar na kai ƙarfe 2 ina yawo a Instagram shafin masu haɗa mai, har na tsaya a kan wata da hotunan kwastomominta suka tafi da ni, ga kafin ga bayan, kamar an canza mutum. Na tambaye ta ko bilicin ne, ta ce "haba Hajiya, ni ba na harkar bilicin, oganik ne zalla, ainihin kalarki kawai zai fito miki da ita." Wannan jimlar ku riƙe ta, don duk ita suke faɗa. Na tura dubu 25 aka aiko min da haɗin amare, sabulu da man jiki da na fuska da wani ɗan ƙarami na gaɓoɓin yatsu.

Tsakani da Allah ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin sati ukun farko. Duk inda na shiga sai an ce kin murje, hutu ya karɓe ki, me kike shafawa ne, har mai adaidaita sai da ya canza min murya. Aka yi biki na sha hotuna, na ji ni ma na shiga sahun manyan mata. Bayan biki na ce bari na daina tunda buƙata ta biya, ai kuwa ko kwana 5 ba a yi ba fuskata ta ɗau zafi kamar an watsa min barkono, ƙuraje ƙanana suka feso a goshi da kumatu, ga ƙaiƙayi. Na koma shafawa sai ya lafa. Na daina ya dawo. A haka na ƙara sayen roba biyu, kuma a wata na huɗu na fara ganin koren jijiyoyi a cinyata, nankarwa ja jajir a damtse da bayan gwiwa ni da ban taɓa haihuwa ba, gaɓoɓin yatsuna kuwa sun ƙi bin sauran jikin sun tsaya baƙi ƙirin, in zan miƙa wa mutum kuɗi sai na dunƙule hannu. Rana kuma ta zama abokiyar gaba, daga ƙofar gida zuwa titi fuskata ta yi ja tana raɗaɗi. Hajiya kakarmu ce ta fara fasa ƙwan, ta kalle ni ta ce "'yar nan garin neman gira za ki rasa ido, fuska Fanta ƙafa Kok." Na shiga ɗaki na sha kuka, amma washegari na tafi asibiti wajen likitar fata.

Likitar ko mamaki ba ta yi ba, da gani ta saba. Ta ce yawancin waɗannan haɗe-haɗen abu uku ne a ciki ko da an rantse miki da oganik. Na farko sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda asalinsa maganin cutar fata ne da ake ba mutum na ɗan lokaci a ɗan wuri, su kuma sai su matse tub-tub a cikin man shafawa ki mulke jiki da shi safe da dare wata da watanni, shi ne yake sa fata ta yi siriri har jijiya ta bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, in kin yanke ciwon ya daɗe bai warke ba, kuma yana ratsawa cikin jini ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Shi ne kuma dalilin da in kin daina fuskar take yin bore. Na biyu haidirokwinon, wanda yake hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, in an daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido wanda fitarsa ke da matuƙar wuya, kun san irin fuskar da nake nufi, kuna ganin ta a gidan biki an danne da hoda. Na uku zaiba, abin da ake kira makuri, wannan kam ƙoda yake taɓawa da jijiyoyi, kuma yana kaiwa ga jaririn da ke ciki da wanda ake shayarwa. Ta ce launin nan da nake gudu shi ne laimar da Allah ya ba ni a garin da rana take dukan mutum kusan duk shekara.

Kuma ba ni kaɗai ba ce ashe. Alƙaluman da hukumar lafiya ta duniya WHO ta fitar sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, ko a raba biyu ma abin ya isa tsoro. A 2023 shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta fito ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, ƙasashe irin su Ruwanda da Ghana da Kwaddibuwa kuma tuni suka sa doka a kan irin waɗannan mayukan. Amma ki shiga layin masu kayan shafa a kasuwa ki ga yadda ake haɗa miki a gabanki a roba da cokali kamar ana dama kunu. Abin da ya fi ci min rai shi ne uwar da za ta shafa wa yarinya 'yar shekara 2 don kar dangin miji su ce ta haifo baƙa. Wannan ban da ta cewa.

'Yar uwar bilicin kuma ita ce sha ka fashe, don mu a nan siririya ma ba ta tsira ba, a ce miki sandar rake ko a tambaye ki ko ba a ba ki abinci a gidanku. Ƙwayoyin da 'yanmata ke sha kafin aure don su ciko, da yawansu deksametason ne da maganin mura mai buɗe ciki, kumburi ne da ruwa da kitsen da ke taruwa inda bai kamata ba, fuska ta yi zagaye kamar faranti ciki ya fito ƙafafu suna nan a tsotse, ƙashi yana lalacewa a ɓoye. Garin neman ƙiba a samo rama kenan na gaskiya.

Kusan shekara guda na yi kafin fatata ta dawo hayyacinta, kuma sai da na fi da baƙi tukun, wannan lokacin shi ne mafi wuya don kowa sai ya tambaye ki ko rashin lafiya kika yi. Wadda ta riƙe ni ita ce matar kawuna, 'yar Maiduguri, baƙa ce ita ma amma wallahi in ta shigo falo sai kowa ya gyara zama. Fatarta kamar an shafa mata man zaitun, ga ƙamshi da yake riga ta isowa ya kuma daɗe bayan ta tafi, ta naɗa lafaya tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Bayan likita ta ce fatar ta yi ƙwari, ita ta fara min dilka da hannunta, ta ce "Dilka ba ta mayar da baƙi fari, sai dai ta sa baƙin ya yi sheƙi." Ta murje ni da dilkar da ta sha hayaƙin turare, ta yi min halawa ta sukari da lemon tsami, ta zaunar da ni a kan dukhan, wato hayaƙin itacen ƙamshi, na lulluɓa da bargo ina zufa ina mita, ita kuma tana ba ni labarin yadda wannan gyaran ya biyo hanya daga Sudan ta Chadi har ya zauna a Barno. A wajenta na koyi bambancin humra fara da baƙa, da yadda ake turara kaya da hawi da sandal da kajiji tun dare kafin a sa su da safe. Man da nake shafawa yanzu man kaɗe ne da na kwakwa, sai man kariya daga rana in zan fita, wanda da nake ganin na Turawa ne kawai.

Kar dai a ce na ce duk abin gargajiya lafiya ne. Wasu masu gyaran jikin yanzu suna zuba mayukan bilicin ɗin a cikin dilka da kurkum don amarya ta fito fara tas a kwana 7 a ce sun iya aiki, ki tambaya kafin ki kwanta musu. Baƙin lallen nan na dayis da ake haɗawa da haidirojin shi ma na ga wadda hannunta ya tashi ya yi ruwa zanen fulawar ya zama tabo, jan lalle na ganye bai taɓa yi wa kakanninmu haka ba. Har kwalli ma wani na dutse akwai dalma a cikinsa, ni dai na daina sa wa jarirai.

Wani abin da na gane kuma, da na fara zuwa biki da ido biyu ba da zuciyar kishi ba, shi ne manyan matan nan da muke gani a hoto muna raina kanmu, rabin abin fitilar mai hoto ce da filta da mai kwalliyar da aka biya kuɗi mai kauri. Na taɓa tsayawa kusa da wata da nake bi a Instagram shekara da shekaru, mace ce kamar ni da ƙurajenta da komai, har na ji ta ƙara burge ni. Waɗanda suka fi tsaya min a rai kuwa ba farare ba ne ba kuma sirara ba, mata ne da suka san abin da ya karɓe su. Wata Hajiya mai jiki sosai cikin shadda Getzner ruwan goro ɗinkin bubu, ɗauri ya zauna, sarƙa ɗaya tak, ta fi 'yanmata goma da suka matse cikin kwaset ba sa iya numfashi balle su ci abincin da aka ajiye musu. Marigayiya Maryam Babangida ai baƙa ce, ta bar fadar gwamnati tun 1993, amma har yau in mace ta kafa wani irin ɗauri sunanta ake kira. Ni da nake gudun kala mai haske ashe ruwan ƙwai da fari tas da kore shar su ne nawa, tela ne ya fara gaya min a Kantin Kwari muna zaɓen atamfa, na zaci ciniki yake nema.

Maza kuma ku ji tsoron Allah. Ku ne za ku ce ba kwa son mai bilicin, ku ne kuma in an nuna muku hoto biyu hannunku yake zuwa kan farar, ƙanwarku tana zaune tana kallo.

Nankarwar damtsena har yanzu tana nan, ta dushe dai amma ba ta tafi ba, likita ta ce da wuya ta tafi gaba ɗaya, shi ya sa duk ɗinkina hannu dogo ne. Asabar mai zuwa akwai bikin ƙanwar aminiyar nan tawa, anko kuma leshi ne ruwan hoda, kusan irin wancan. Na riga na gaya wa mai kwalliya kar ta kuskura ta sa min hodar da ta fi wuyana haske, ta ce ai sai ta nemo kalata don ba ta cika ajiyewa ba, na ce ta nemo ina da sati guda. Robar kuwa na ɗaure ta a leda na jefa a shara da safe, saura tela da ya ce min Laraba, kuma na san Larabarsa.