Na bi sawun Gustav Mann a Dutsen Kamaru

A jikin tsirrai na fara cin karo da sunansa. Shuke-shuke da dama na Afirka ta Yamma sunansu na kimiyya yana ƙarewa da "mannii", kuma Gustav Mann ake nufi. Bajamushe ne, an haife shi a 1836, ya yi aikin lambu a Kew ta Ingila. A 1859 aka turo shi ya maye gurbin Charles Barter, mai tattara tsirrai ga ayarin William Baikie na binciken kogin Kwara, wanda ya rasu a bakin Kwara. Allah bai yi zai riski ayarin ba. Ya ya da zango a tsibirin Fernando Po (Bioko a yau), a ƙarshen 1861 kuma ya hau Dutsen Kamaru tare da Baturen Ingila mai yawon bincike, Richard Burton.

Da rani na tashi daga Buea, garin da ke gindin dutsen, da takardar izini, da ɗan jagora ɗan ƙabilar Bakweri, da katako biyu da damin tsofaffin jaridu na danne ganye. Na ɗauka hawan ne wahalar, tunda dutsen ya haura mita 4,000. Ashe aikin yana can da dare, bayan ƙafa ta mutu.

Mun kwana a maɓuɓɓugar da har yau ake kira da sunan Mann, ko da yake maharban Bakweri sun san ruwan tun kafin zuwansa. Gajiya ta sa na ɗaure ganyayena na kwanta ban canja jarida ba, washegari ma haka. Hazon wurin kuwa ko da rani yana jiƙa komai. Ran na uku na kwance igiya, sai ga fumfuna ta cinye fiye da rabi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka tsira ma ban rubuta inda na tsinke su ba, na dogara da ƙwaƙwalwa, suka cakuɗe.

A nan na san darajar hannun mai lambu. Mann ya busar da nasa cikin wannan damshin, suka ƙetare teku lafiya, har masanin tsirrai Joseph Hooker ya bayyana sababbin tsirrai daga cikinsu a Kew. Ɗaya shi ne itacen da yanzu ake kira Prunus africana, wanda ake sassaƙar ɓawonsa don maganin kumburin prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Ganyen itacen nan na cikin 'yan kaɗan da suka tsira mini. Jagorana ne ya nuna mini shi tun ban tambaya ba, ya murza ganyen ya ce in sansana. Yanzu kafin in tsinki ganye sai na rubuta wuri da kwanan wata da sunan da mutanen wurin ke kiransa, jarida kuma kullum dare nake canjawa, ko da barci na fizgata.