Garmahon Kakana Mai Hoton Kare

Ranar da za a rushe tsohon ɗakin kakanmu na ƙasa a Zariya, shekara biyu bayan rasuwarsa, Gwaggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida, ga wani baƙin akwati a gabanta, ƙura ta rufe shi ruf.

"Kai ne mai son kayan da," in ji ta. "Ɗauke wannan kafin yara su kai wa 'yan gwangwan."

Da na ɗaga murfin sai na ga hoton wani farin kare a zaune, ya karkatar da kai yana leƙen bakin ƙaho. A ƙasansa an rubuta His Master's Voice, wato muryar ubangidansa. Garmaho ne, irin wanda ake rufewa a ɗauka kamar akwatin tafiya. Tare da shi akwai faya-fayai 11 a naɗe cikin tsohon zane. Kakanmu ma'aikacin reluwe ne, kuma Gwaggo ta ce tun tana yarinya yakan fito da shi zaure bayan isha'i, a taru a ji, amma ba yaron da ya isa ya taɓa.

A daren nan na yi ɓarnar da har yau take damuna. Na sa hannun murɗawa, na ba shi wani, faranti ya fara juyawa. Akwai wata allura mai tsatsa a maƙale a kan na'urar, ban cire ta ba. Na zaɓi wani faifai da takardar tsakiyarsa ta goge, na ɗora. Sai ga muryar namiji yana waƙa da Hausa, kalangu na amsa masa. Tsigar jikina ta tashi. Na sake sawa, na sake, na kira matata ta ji, na kira maƙwabci. Na juya wannan fuskar faifan ya fi sau goma. Ina jin muryar tana dusashewa, ina ganin wani gari mai launin toka yana taruwa a bakin allurar, amma na ɗauka tsohuwar ƙura ce ke fita.

Abin da ya kai ni wurin mai gyara ma daban ne. Injin yakan yi wani irin "dum" a ciki, kamar an buga ƙofa, sai waƙar ta yi tsalle. Masu gyaran rediyo biyu suka ce ba aikinsu ba ne, tunda babu ko waya ɗaya ta lantarki a cikinsa. Na uku ya nuna mini wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari. Dattijon bai fara da injin ba. Allurar ya zare, ya sa gilashinsa a ido, ya daɗe yana kallonta.

"Ɗana, faifai nawa ka sa da wannan?"

Na gaya masa. Ya yi salati.

"Allura ɗaya, fuska ɗaya. In waƙa ta ƙare, a zare a yar. Ka ga wannan ɗan kwanon da ke gefe? Na zuba matattun allurai ne."

Bayaninsa ya zauna mini, daga baya kuma na karanta na ga haka abin yake. Waɗannan faya-fayan ba da roba aka yi su ba. Da shalak ne, wani irin ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, aka cuɗa shi da garin dutse. Da gangan aka sa dutsen, don ya riƙa cin allurar ƙarfe maimakon ita ta ci faifan. Cikin minti uku da fuska ɗaya ke ɗauka, bakin allurar ya riga ya goge ya yi kaifi kamar kurfi. In ka ci gaba da ita, sassaƙe layin waƙar take yi. Garin da na gani a daren nan, muryar mawaƙin ce nake kankarewa.

Gyaran injin ya ci mana Asabar uku. Baba ya hana ni taɓa ko kusa ɗaya sai da muka bar wanin ya sauka gaba ɗaya. A cikin wani gwangwanin ƙarfe akwai sifirin mai faɗi, doguwa, a nannaɗe. Giris ɗin da aka sa mata tun a masana'anta ya daskare ya zama kamar kwalta, shi ya sa take manne wa kanta, sai ta fizge da ƙarfi, abin da nake ji "dum" ke nan. Ya sa safar hannu ta fata, ya tura gwangwanin cikin buhu, ya riƙa zaro ta a hankali. Ya ce wannan sifirin in ta kuɓuce tana iya tsaga tafin hannu ko ta cire ido, kuma da na ga yadda ta miƙe a cikin buhun na yarda. Muka wanke ta da kananzir, muka shafa sabon giris, muka mayar. Akwai kuma wasu ƙananan ƙarafa uku masu nauyi da ke juyawa suna daidaita gudun farantin. Su ɗigon man keken ɗinki kawai suka nema. Don a tabbatar da gudun, Baba ya maƙala 'yar takarda a gefen farantin, ya riƙe agogo, ni kuma ina ƙirga: zagaye 78 a minti ɗaya.

A jikin katakon da injin ke maƙale muka ga lambar samfurin, 102. Da wannan lamba na shiga intanet neman allurai, kuma makonnin da na yi ina jiran su iso ne suka jefa ni cikin tarihin kamfanin.

Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar naɗar murya a 1877, amma tasa a jikin wani abu mai siffar gwangwani take naɗa. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya zo da faifai mai faɗi a 1887. Fa'idarsa a fili take: daga uwa ɗaya ana iya buga dubban kwafi, kamar yadda ake buga hatimi. Na'urorinsa na farko da hannu ake juya su har waƙa ta ƙare. Wani makaniki a garin Camden na Amurka, Eldridge Johnson, shi ya ƙera musu injin sifirin mai tafiya daidai, daga baya ya kafa kamfanin Victor a 1901. Da na karanta wannan sai na tuna da sifirin da muka wanke a Sabon Gari. Jikar ta Johnson ce.

A Landan kuwa an kafa Gramophone Company a 1898, kuma nan ne karen ya shigo. Sunansa Nipper, kare ne na gaske. Na wani mutum ne a birnin Bristol, Mark Barraud. Da ya rasu, karen ya koma hannun 'yan'uwansa, cikinsu har da Francis, mai zane. Bayan karen ya mutu a 1895, Francis ya zana shi yana sauraron na'urar Edison. Ya yi ta tallar zanen bai sami mai saye ba, sai a 1899 manajan Gramophone Company, William Barry Owen, ya ce za su saya in zai shafe na'urar Edison ya zana tasu a gurbinta. Aka biya shi fam 100, rabi kuɗin zane, rabi kuɗin mallaka. Abin da ya taɓa ni shi ne, karen da ya zama tambarin garmaho a duniya ya mutu tun kafin a kafa kamfanin. Tunawa da shi ce aka zana. A hankali sunan zanen, His Master's Voice, ya danne sunan kamfanin a bakin mutane, kowa HMV yake cewa a taƙaice.

Suka gina babbar masana'anta a Hayes, yamma da Landan, a 1907. Sannan rediyo ya iso, ya fara kawo wa mutane kiɗa har gida kyauta. Kamfanin bai tsaya kallo ba. A 1929 ya mallaki Marconiphone, masu ƙera akwatunan rediyo, ya fara fitar da rediyo mai tambarin kare, da kuma manyan akwatunan falo masu haɗe da rediyo da garmaho wuri guda. A wannan shekarar ce kuma kamfanin rediyo na RCA ya saye Victor a Amurka. Karayar tattalin arzikin duniya ta durƙusar da cinikin faifai, har a 1931 HMV ya haɗe da babban abokin hamayyarsa, Columbia, suka zama EMI. A 1957 ƙera rediyo da talabijin masu wannan suna ya koma hannun kamfanin Thorn.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A wannan shekara ta 1931, lokacin da kowa ya karkata ga lantarki, aka fitar da samfurin 102, mai wani da hannu, kuma aka ci gaba da ƙera shi kusan shekara 30. A ganina, irinsu kakana ne suka raya shi. Ba ya neman wuta, ba ya neman batir, ana ɗora shi a jirgin ƙasa ko a kan jaki, kuma mai gyaran agogo na iya buɗe shi ya rufe. Kamfanin ma ya san da wannan kasuwa. Daga 1927, a ƙarƙashin tambarinsa na Zonophone, ya naɗi waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, da Yarbanci da Fanti da wasu harsuna, har da Hausa. Daga 1933 kuma ya riƙa turo kiɗan ƙasar Kuba zuwa Afirka a jerin faya-fayai masu lambar GV, waɗanda makaɗan Kwango suka sha daga gare su sosai. Da na koma kan faya-fayan kakana, huɗu daga cikinsu GV ne. Ban taɓa zaton dattijon nan mai carbi da buta yana jin kiɗan Kuba a zaurensa ba, kuma na ji daɗin sanin hakan ƙwarai.

Kafin alluran su iso na kusa sake wata ɓarnar. Na sayo sifirit zan goge faya-fayan, Allah ya sa na fara tambayar Baba. Sifirit narkar da shalak yake yi. Ruwa kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, a bari su bushe a inuwa, a jera su a tsaye, nesa da rana. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ɗora faifan roba na zamanin baya a kan wannan na'ura, domin nauyin kanta da allurar ƙarfe za su yage shi a zagaye ɗaya.

Da komai ya kammala na ɗauki garmahon na kai gidan Gwaggo. Na sa sabuwar allura, na ɗora ɗaya daga na Kuba. Ƙarar da ta fito daga wannan ɗan akwati ta cika tsakar gida, yara suka yo waje suna neman inda aka ɓoye lasifika. Waƙar na ƙarewa na zare allurar na jefa a kwanon. Gwaggo ta bi hannuna da kallo.

"Haka Baba yake yi," ta ce. "Mu da muna cewa ɓarnar kuɗi ce. To, ina na kalangun?"

Na gaya mata gaskiyar abin da na yi. Ta yi shiru, sannan ta ce in sa shi haka nan. Ɗaya fuskar, wadda ban taɓa ba a daren farko, ta fito tas. Amma ba ita take nema ba. Na juya faifan, na sake allura. Sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, kalangun na can ƙasa, muryar na zuwa tana ɓacewa. Gwaggo ta matso da kunnenta kusa da akwatin. Duk inda muryar ta nutse, ita take cike baitin da bakinta, har faifan ya kai ƙarshe. Na ɗauko waya na roƙe ta ta maimaita in naɗa.