Ƙwayar ciwon makogwaro ce fa, amma in ta shiga jini labari ya canza

Ƙwayar cutar nan da likitoci ke kira Streptococcus pyogenes, wato strep rukunin A, ita ce ke sa yara ciwon makogwaro da zazzaɓi, a sha magani a warke, wasu ma suna ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau. Abin da ke ɗaure min kai shi ne ita ɗin dai kan iya kashe ƙato mai jini a jika cikin kwana biyu in ta samu ƙofa, kuma ƙofar ba sai babba ba, ɗan yanka ne, ko ƙurjin ƙarambau, ko mahaifar mai jego.

Wayo gare ta wallahi. Tana lulluɓe kanta da sinadarin hyaluronic irin wanda ke jikinmu, sai sojojin jiki su ɗauka 'yar gida ce su wuce, ga kuma furotin M da ke hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta. Jiki in ya ga cuta yakan daskarar da jini ya killace wajen, ita kuwa sai ta saki wani sinadari mai suna streptokinase ta narkar da shingen, daga nan ta bi shimfiɗar da ke tsakanin fata da tsoka tana kashe nama, jijiyoyin jinin wajen su toshe, kaga ko an ɗura magani da kyar yake isa can. Shi ya sa sai an haɗa da tiyata an yanke mataccen naman.

Wanda ya fi ban tsoro ma gubarta ce, tana tayar da garkuwar jiki gaba ɗaya lokaci guda har jiki ya koma yaƙar kansa, ƙarfin bugun jini ya yi ƙasa, ƙoda ta tsaya. A 2024 Japan ta samu sama da mutum 1,000 da wannan ya kama, a Ingila kuma ƙarshen 2022 yara da dama suka rasu.

Penicillin har yau yana kashe ta, akan ƙara clindamycin don ya hana ta fitar da gubar. Matsalar lokaci ce kawai, don da farko wajen bai cika nuna komai ba, ɗan kumburi ne da ja amma mutum na ihu da azaba, ga zazzaɓi, ga amai ko ruɗewa. In zafin ya fi abin da ido ke gani, ko jan yana yaɗuwa cikin awanni, asibiti za a nufa a daren, kar a ce sai gari ya waye.