Ni da ic a kicin ɗin Burj Hammud

Yanzu da na ajiye aiki, zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Waɗanda muka yi aiki tare a kicin ɗin nan sun san maganar, amma daga bakin oga, wato shugaban masu girki, kawai suka ji ta.

Mahaifiyar mai gidan abincin ce ta koya mini haɗa ic, wani kwaɗon tsakin alkama na Armeniyawa. Iyayenta na cikin Armeniyawan da suka tsira daga kisan kiyashin 1915, suka yada zango a Burj Hammud, a gefen Beirut, babban birnin Lebanon, suka raɗa wa sababbin unguwanninsu sunayen garuruwan da aka raba su da su, irin su Nor Marash da Nor Adana. Ba ta yarda a yi wa ic gaggawa. A soya albasa a man zaitun, wuta kaɗan-kaɗan, ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. A zuba tumatirin gwangwani da niƙaƙƙen jan tattasai, a ƙara ruwa, ya tafasa, a sauke. Sai a lokacin burgul ke shiga, wato alkamar da aka dafa, aka shanya, aka ɓarza, kuma dole mai laushin, lamba 1. Tukunya ba ta komawa wuta. A rufe, tsakin ya shanye romon da kansa har ya huce, sannan a sa lemun tsami, lawashi da ganyen da Larabawa ke kira bakdunis. In ya yi daidai, warwas yake kamar dambu, amma in ka dunƙula shi a tafin hannu zai kama kansa, ka ɗora a ganyen latas. Takan ce mini, "Ɗana, abincin azuminmu ne wannan. Shi ke maye mana gurbin ɗanyen naman da muke bari kafin Ista."

Ranar wata walimar biki, mai laushin ya ƙare a sito, tsohuwa kuma tana kwance ba lafiya. Oga ya ce in ɗauko lamba 3, manyan tsaki, in tafasa a wuta, in zuba ganye nan take. Na ce, "Ranka ya daɗe, caɓewa zai yi." Ya daka mini tsawa a gaban kowa, wai yaushe na zo ƙasar da zan koya masa girki. Na yi yadda ya ce. Ya caɓe, ganyen ya yi baƙi saboda zafi, farantai suka dawo kamar yadda suka fita. Da mai gida ya shigo yana faɗa, ni oga ya nuna da yatsa. Aka yanke mini rabin albashi, a lokacin da lira, kuɗin Lebanon, ta riga ta zube tun rikicin kuɗin 2019. Mutum biyar suka ji umarnin nan da kunnuwansu, babu wanda ya ce uffan. Ban ga laifinsu sosai ba, duk wanda ke ƙarƙashin kafala, tsarin da ke ɗaure izinin zaman baƙon ma'aikaci ga wanda ya ɗauke shi aiki, ya san takardarsa a hannun wa take.

Ga masu shigowa: ku leƙa sito tun da safe. Kada ku yanka ganye da wuƙa mai dakushi. Umarnin da kuka san zai ɓata abinci, ku nemi a maimaita shi a gaban mai gida.

Da tsohuwa ta warke, ta ɗanɗana nawa, ta hana kowa taɓa tukunyar ic sai ni, har ranar da na tafi. Oga bai taɓa ba ni haƙuri ba, rabin albashin kuma ba a mayar mini ba. Ban yafe ba.