Yadda "biya kaɗan-kaɗan" ya riƙa cinye min albashi tun kafin ya shigo

Ni fa da ina ganin kaina cikin mata masu tsari, ina da littafin da nake rubuta kuɗin haya da na wuta da na abinci, har ƙawaye na zuwa neman shawara. Abin da ya kayar da ni wani ɗan maɓalli ne a shagunan intanet, wanda yake cewa ki raba kuɗin gida huɗu, babu kuɗin ruwa. Wannan "babu kuɗin ruwa" ɗin shi ya kwantar min da hankali, na ce ai ba bashi ba ne.

Kun dai san yadda yake, ki biya kashi ɗaya nan take, sauran ukun a riƙa cirewa daga katinki duk bayan sati biyu, cikin sati shida an gama. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne to su kamfanonin da ke ba da wannan tsarin ina ribarsu? Ashe mai shagon ne yake biyan kamfanin kamisho a kan kowane ciniki, kuma ya yarda ya biya ne saboda ya san idan aka nuna miki kwatan kuɗin za ki ƙara kaya a kwando. Wata ribar kuma daga irina take fitowa, masu makara a ci su tara.

Matsalar ba sayayya ɗaya ba ce. Kowace oda da nata jadawalin, jaka ranarta daban, takalmi daban, man shafawa daban, kuma ba a manhaja ɗaya na yi su ba, don haka babu inda zan buɗe in ga jimillar abin da ake bi na. Ni dai a kaina ƙananan kuɗi ne. Sai da wani wata suka haɗu min a satin biyan haya, alat na shigowa ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a layin biya a kanti, mai karɓar kuɗi ta sa katina ya ƙi, ta sake sawa ya ƙi, ga mutane a bayana. Haka na ajiye kayan na fito, wallahi har yau in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Cirewa biyu ba su samu kuɗi a asusun ba, aka ɗora min tara a kan kowacce. Ga wata riga da na mayar tun tuni don ba ta yi min ba, kafin shagon ya tabbatar ta isa su kuma suna ta cirar kuɗinta abinsu.

Da na zauna na tattara komai a takarda ɗaya, sama da kashi ɗaya bisa uku na albashin da bai ma shigo ba an riga an yi masa rabo. Abin haushin ma rabin kayan ko ledarsu ban cire ba.

Daga baya na karanta wani bincike da malamai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Prelec da Simester, suka fitar a 2001, inda suka sa ɗalibai taya tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya kusan ninkin abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Wannan fa kati ne kawai, ina ga an sake yanka miki kuɗin gida huɗu? Sannan ga abin da ake kira tasirin Diderot, wani masanin Faransa na ƙarni na 18 da ya samu sabuwar riga mai kyau, sai kayan ɗakinsa suka fara yi masa kama da tsummokara ya dinga canja su har ya shiga bashi. Ni jaka ce ta ja min, ita ta nemi takalmi, takalmin ya nemi riga.

Tsarin raba albashi na 50/30/20 ɗin nan da 'yar siyasar Amurka Elizabeth Warren da 'yarta suka yaɗa a 2005, kashi 50 buƙata, 30 sha'awa, 20 ajiya, ina bin sa fa a lokacin, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Duk abin da na saya don sha'awa, da zarar ya koma biyan sati-sati sai in rubuta shi a layin buƙata tunda dole ne a biya, layin sha'awa ya zauna fayau kamar ban taɓa shi ba, in sake sayen wani. Littafin nawa da kansa yake ba ni lasisi.

Yanzu dai na biya su duka, na fara da wanda ranarsa ta fi kusa, na goge manhajojin, na cire lambar katina daga duk shagon da ya adana ta, don tashi neman kati kaɗai yana hana ni rabin sayayyar dare. Ranar albashi ajiya nake fara turawa wani asusun da ba shi da kati. In abu ya burge ni sai in rubuta cikakken kuɗinsa a layin sha'awa a ranar, ba kwatansa ba, in bai shiga ba shikenan ya jira wani watan, kuma sau da yawa kafin watan ya zo na ma manta da shi.

'Yar'uwa in kina da irin wannan bashin ko guda biyu ne, daren yau ki ɗauko biro ki jera ranakun cirewar kusa da ranar hayarki. Su kuma kamfanonin har yanzu suna turo min saƙo wai sun ƙara min adadin da zan iya ɗauka saboda ni kwastoma ce ta gari, bayan tarar da suka ci ni!