Godiya bayan haska fim ɗinmu a Gadarif, ƙasar Sudan

Alhamdu lillahi, Allah ya nufa an haska, an tashi lafiya. Tun daren jiya nake son rubuta wannan, jiki ya ƙi, murya ma ta dishe. Mutanen Gadarif da waɗanda suka riƙa bibiyarmu ta waya daga Kasala, Bur Sudan, Jidda da Kano, kun san duk abin da aka sha, daga ɗaukewar wuta zuwa baƙar lakar daminar garin nan, don haka ba sai na maimaita ba.

Godiyata ta farko ga Kawu take, wanda ya fito a matsayin tsohon da aka cuta a fim ɗin. Ya haura saba'in, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma da na roƙe shi cewa kawai ya yi, "Ɗan nan, in zai amfani wani, mu je."

Kun ga labarin. A Disambar 2024 aka sauya takardun kuɗin Sudan na fam 500 da 1,000, aka ce ba musayar hannu da hannu, sai dai mutum ya zuba tsofaffin a asusun banki. To dattijon da yaƙi ya sa ya gudo daga garin Madani a Disambar 2023, ko daga Sinja a tsakiyar 2024, ya baro takardunsa a gida, ba asusu, ba babbar waya, kuɗinsa na ɗaure a lalita, wa zai nufa? Wanda yake gaishe shi kullum zai nufa. Macucin da ke cikin fim ɗin bai yi wata dabara mai zurfi ba. Zama ya riƙa yi da tsohon a rakuba, wato rumfa, yana sauraron labarin gonar riɗinsa, a lokacin da 'ya'yan cikinsa ba mai ɗaga masa waya.

Ranar da muka ɗauki wurin da yaron ke cewa, "Baba, kawo in zuba maka a nawa, gobe in kawo maka sababbi," Kawu ya miƙa lalitar kamar yadda aka tsara. Na ce a tsaya, an samu. Bai sauke hannu ba. Na kira shi, shiru. Gumi ya jiƙe masa jallabiya, leɓɓansa na rawa, ga shi mai ciwon suga. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko a hanyar gudowarmu. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, da wane baki zan gaya wa mahaifiyata cewa na kai yayanta rana ya faɗi saboda fim?

Inna mai shayi ta bakin layi ce ta ture mu ta shigo. Ba ta cikin aikin, ba ta ma san sunansa ba. Ta ce, "Ku kashe abin nan, ku ba shi waje." Ta zaunar da shi a kan kujerarta, ta dama masa shayi mai sukari sosai, ta riƙe masa kofin da hannunta, ta hana kowa matsowa. Ta bar masu sayen shayinta tsaye har suka watse. Daga nesa na hango yana yi mata magana, tana gyaɗa kai.

Da yamma ya kira ni ya faɗa mini abin da ya faɗa mata, kuma ya yarda in rubuta. Abin da muke ɗauka a fim, shi aka yi wa. Kuɗin awakinsa ne da ɗan zinaren marigayiya matarsa da ya sayar. Ya haɗiye maganar watanni, don kada a ce tsufa ya taɓa masa hankali. Inna, ban san abin da kika ce masa ba, amma washegari shi ya riga kowa zuwa. Allah ya yi miki sakayya da gidan Aljanna, ya sa naki 'ya'yan su riƙe ki.

Na san kun hana ni ambato, ku yi haƙuri. Shugaban makarantar da 'yan gudun hijira ke zaune, wanda ya ba mu fili da bango. Liman, da ya ara mana janareta, ya kuma ɗauki maganar cin amanar tsofaffi a wa'azinsa. Matan takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, da suka sa mu cikin rabon kisra, gurasar Sudan, alhali tukunyar ba ta isar waɗanda aka dafa dominsu. Mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, da ya yi ta jigilar kayanmu a kan kuɗin mai kawai. Da ƙanena da ya karɓi fitowar macucin bayan kowa ya ƙi, ya san kuma za a daɗe ana nuna shi da yatsa.

Tabarmar gaba da na shimfiɗa wa 'yan gidanmu, baƙi ne suka cika ta. Ban riƙe kowa a rai ba, kowa da uzurinsa a wannan zamani. Sai dai Kawu ya yi ta waigen ƙofa har aka kashe fitila, kuma wasu daga cikin waɗanda yake jira tafiyar ƙafa ce tsakaninsu da makarantar.

Ya Allah ka jiƙan iyayenmu da suka rasu a hanya, waɗanda aka binne inda ba mu sani ba. Ka ba waɗanda ke raye lafiya da masu kula da su. Ka shirya wanda ya ci amanar tsoho, ka sa ya mayar da haƙƙi tun yana duniya. Ka kashe wutar da ta tashi a ƙasar nan tun 15 ga Afrilun 2023, ka mayar da kowa ɗakinsa, daga Khartum har Mai Wurno. Amin ya Rabbi.

Masu tambayar yaushe za a ɗora shi a Facebook, ku ɗan dakata. Sai Kawu ya sake kallo shi kaɗai, ya ce ya amince.